An faranta min haƙora, ba a faranta min rai ba

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min gaskiya. Yau kwana 23 da na je aka yi min aikin hasken haƙora a wani asibitin haƙori. Aka sa min wata roba ta wangale min baki, aka shafe dasashina da wani abu, aka shafa jel a haƙora, aka haska shuɗiyar fitila. Sau uku ana sharewa ana sake shafawa, ina kwance fiye da awa ɗaya. Da aka miƙo min madubi sai da na ce kai! Fari tas, kamar ba nawa ba. A hanyar gida duk inda danja ta tsayar da ni sai na yi wa madubin mota murmushi.

Daren nan ban runtsa ba. Wani abu ke fizgata a haƙoran ƙasa kamar an jona min lantarki, ya zo ya wuce, ya sake dawowa. Ko iska na shaƙa ta baki sai na ji ta har ƙwaƙwalwa. Wannan dai ya lafa a kwana biyu. Abin da ke damuna yanzu shi ne farin ya ja da baya. Bai koma yadda yake da ba, amma ba shi ne abin da na gani a madubin nan ba. Sannan akwai haƙorina na gaba da aka yi wa ciko tun ina sakandare. Da ba mai lura da shi, yanzu cikon ya fito fili, rawaya a tsakiyar fari. Jiya Ilham ta ƙura min ido ta ce, "Mama, abu ya maƙale miki a haƙori." Cutata aka yi, ko dama haka abin yake?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Anti, ni Ilham ce ta burge ni. Yaro ba ya ɓoye-ɓoye, hhh.

Baban Walid: Cuta ce mana, wace tambaya kuma? Kasuwanci ne kawai. A nuna miki fari a ranar da za ki biya, kafin ki farga ya gudu, ki sake komawa ki sake biya. Haƙorin da ke tauna lafiya, ba ciwo ba rami, me ya kai shi hannun likita?

Uwar Biyu: Haba Baban Walid, kar ka yi mana kuɗin goro. Ni na yi, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sai dai nawa ba irin na Maman Ilham ba ne. Ranar farko likitan bai taɓa jel ba ma. Ya duba bakin, ya ce sai an wanke an kankare dattin da ya daskare tukuna. Bayan mako guda ya ɗauki awon haƙorana, aka yi min roba siririya mai kama su cif, ya ba ni jel a 'yan sirinji. Kowane dare in ɗiga ɗan kaɗan a gurbin kowane haƙori, in saka in kwanta. Kwana 14. A dare na huɗu na ji tsami, na kira shi, ya ce in huta dare ɗaya in ci gaba. Shi ke nan. Yanzu shekara guda da wata huɗu, har yau ina jin daɗinsu. Abin da ya fi min, ba wanda ya ce "kin yi haƙora". Cewa ake "kin yi fes, me kika canza?"

Maman Ilham: Uwar Biyu, ke ma naki ya ja baya bayan an gama?

Uwar Biyu: Kaɗan ƙwarai, kuma ya riga ya faɗa min. Tun kafin mu fara ya ɗauko wani abu kamar mataji mai jerin haƙoran roba kala-kala, ya kara a bakina, ya ce ga inda kike, A3. Ya ce in mun yi sa'a za mu kai nan, ya nuna A1. Ya ɗauki hoto da robar a gefen haƙorin. Da muka gama ya sake ɗauka. To ko da raina ya ce min ba a yi komai ba, hoton na nan.

Maman Ilham: Ni ba a nuna min wani mataji ba. An dai tambaye ni ko ina da ciki ko ina shayarwa, na ce a'a, aka ce in kwanta.

Likitan Zaure: Sannu Maman Ilham, Allah ya ƙara sauƙi. Ban ga bakinki ba, don haka ba hukunci zan yanke ba, amma abubuwa ukun da kika lissafa duk sanannu ne a wannan aiki, kuma duk ukun kamata ya yi ki ji su kafin ki kwanta a kujerar.

Bari in fara da farin da ya gudu, don shi ya fi ɓata wa mutane rai. Haƙori hawa-hawa ne. Ɓawon waje, wanda muke kira inamel, haske na ratsa shi kamar gilashi mai hazo. A ƙarƙashinsa akwai dentin, shi kuma asalinsa rawaya-rawaya ne, kuma yawancin launin da ido ke gani daga can yake fitowa. Jel ɗin da aka shafa miki haidirojin feroksaid ne. Yana ratsa ɓawon ya shiga ciki ya farfasa ƙwayoyin da ke riƙe da launi. Wannan shi ne hasken gaskiya. Amma a lokaci guda bakinki ya yi awa guda a buɗe, yawu bai taɓa haƙoran ba, ga ɗumin fitila. Haƙori ya bushe. Busasshen haƙori kuwa fari yake yi kamar alli, ko ba a shafa masa komai ba. Kin ga rigar da ta jiƙe ta fi duhu, in ta bushe ta yi haske? Haka ne. Cikin 'yan kwanaki yawu ya mayar masa da ruwansa, wannan farin aro ya tafi, na gaskiyar ya rage. Shi ya sa ba a auna sakamako sai bayan kamar mako biyu. Abin da kike gani yau shi ne abin da aka yi miki. Na madubin ranar farko rabinsa ƙishirwa ce.

Fizgar da ta hana ki barci kuma, sinadarin ne ya isa kusa da jijiyar haƙori, yana kaiwa can cikin mintuna. Ita ce matsalar da aka fi samu, kuma galibi tana wucewa a kwana ɗaya zuwa uku kamar yadda taki ta yi. Da an sa ki amfani da man goge baki mai fotasiyam naitiret na mako biyu kafin ranar, da wataƙila ta zo da sauƙi.

Ciko kuwa, feroksaid ba ya canza masa launi ko kaɗan. Haka hular da ake sa wa haƙori, haka fuskar tangaran da ake mannawa a gaba. An zaɓi launin cikonki ne don ya dace da haƙorinki na wancan lokacin. Haƙorin ya yi gaba ya bar shi a baya. Maganinsa a cire a sa sabo mai launin yanzu, kuma tunda kin haura mako biyu kin kai lokacin. Ba a yi da wuri don launin bai gama zama ba, kuma iskar oksijin da ta rage a haƙorin tana hana sabon ciko kamawa da kyau.

Baban Walid: Kun ji ko? A sake cire ciko, a sake biya. Abin da na faɗa ke nan, likita ya dai sa masa riga.

Likitan Zaure: Yallaɓai, ban musa maka ba cewa akwai kuɗi a ciki. Inda na tsaya shi ne, da an ce mata tun farko "Hajiya, kina da ciko a gaba, in mun yi wannan sai an canza shi, kin yarda?", da ita za ta zaɓa da idonta a buɗe. Laifin da na gani a labarinta na baki ne, ba na jel ba.

Malam Tanko: Likita, ina da ja a kan abu ɗaya, ka yi haƙuri. Ka ce ɗumin fitila na ƙara busar da haƙori. Ni kuma na karanta cewa da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, an haska wa wasu fitila wasu ba a haska ba, in aka dawo bayan makonni ba a ganin wani bambancin kirki a launi. In haka ne, me fitilar take yi in ba ƙara wancan farin aron ba? Wato abin da Baban Walid ke zargi yana da tushe.

Likitan Zaure: Malam, ka kama ni a inda ba ni da mafita, hhh. Haka binciken ya nuna, musamman da jel mai ƙarfi, shi kaɗai ya isa. Ni kaina akwai fitilar a ɗakin aikina, tana can kusurwa an lulluɓe ta. Amma in gaya maka wani abu: akwai wanda in ka shafa masa jel kawai ka ce ya jira, zai ga kamar ba ka yi masa aiki ba. Ya gani a bidiyo ana haska shuɗin wuta, ana sa wa mutum baƙin tabarau, shi ma ita yake so. Na taɓa rasa mai jinya a kan haka, ya ce wurina ba kayan zamani.

Malam Tanko: To ai nan gizo ke saƙa. Ni abin da ya dame ni da duk maganar "mutane sun gamsu" da ake talla da ita shi ne, yaushe aka tambaye su? Da an miƙa wa Maman Ilham takarda a ranar, madubi na hannunta, me za ta rubuta?

Maman Ilham: Wallahi Malam da na ba su maki goma cikin goma. Har godiya na yi ta zubawa, na ce zan turo ƙawayena.

Malam Tanko: Kin gani. Washegari da asuba da an tambaye ki, sifili za ki bayar. Yau kuma wataƙila biyar. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, amsa uku. Duk wanda ya ce min mutane sun gamsu, sai na tambaye shi a wace rana.

Ɗan Auta: Ku bari in tona wa kaina asiri ko wani ya tsira. Ni ban je asibiti ba. A bidiyo na ga an matse lemon tsami a garin soda, ya yi kumfa, a goga. Na yi ta yi safe da dare kusan wata guda. Makon farko na ga kamar ana samun ci gaba. Daga baya gefen haƙorana na gaba ya fara zama kamar gilashi, kana hango duhu ta bakinsa, kuma ruwan sanyi ya zama abokin gaba. Sai na koma man gawayi, wai ko zai gyara. Yanzu sun fi da rawaya. Garin neman gira na rasa ido.

Anti Rabi: Innalillahi. Kai Auta, wa ya aike ka?

Ɗan Auta: Data ce ta aike ni, Anti.

Likitan Zaure: Auta, dariya muke amma naka ya fi na Maman Ilham nauyi. Ita launi aka taɓa mata, kai ɓawon ka cinye. A ma'aunin tsami na pH, iya ƙanƙantar lamba iya ƙarfin tsami. Inamel yana fara narkewa in lambar ta sauka ƙasa da 5.5, ruwan lemon tsami kuwa yana tsakanin 2 da 3. Ka tausasa shi da tsami, ka bi shi da buroshi ka kankare. Kuma ba ya sake tsirowa kamar farce. Da ya yi siriri sai rawayar dentin ta ƙara bayyana, shi ya sa ka ga sun fi da. Gawayin ma kankara yake yi. A 2017 mujallar Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta buga nazari a kan man gawayi, ba a sami isasshiyar hujjar da ke tabbatar da amfaninsa ko amincinsa ba. Ka daina duka biyun yau, ka koma man da ke da fuloraid da buroshi mai laushi, ka je a duba ka. Kar ka sa jel ɗin haske a haƙoran nan yanzu, za ka ji a jikinka.

Uwar Biyu: Likita, to man goge bakin da ake rubuta wa yana sa fari fa? Duk ƙarya ce?

Likitan Zaure: Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Tabo iri biyu ne. Akwai na waje, wanda shayi da kofi da taba ke bari, wannan man zai iya rage shi, wankin asibiti ma ya fi cire shi. Akwai na ciki, wannan sai feroksaid. Wasu mayukan kuma shuɗin launi ne a ciki, ya kwanta a kan haƙori ya rufe rawayar na ɗan lokaci, dabarar ido ce kawai. Mutane da yawa da ke zuwa neman haske, in aka yi musu wanki suka kalli madubi sai su ce a bar shi haka.

Anti Rabi: Ni bari in faɗi nawa, don na ga duk wanda ya yi magana farin ne bai ishe shi ba. Ni ban taɓa sanin farin haƙori ba. Tun da na yi wayo nawa toka-toka ne, da zane a kwance kamar an ja layi da fensir. Sai da na girma wani likita ya ce min maganin tetarasaikilin ne da aka ba ni ina ƙarama, lokacin haƙoran na ginuwa a ciki. Shekara arba'in da wani abu ina dariya da hannu a baki. Ku duba hotunana na makaranta, babu ɗaya da leɓena ke buɗe. A aji ana ce min ba na goge baki, alhali har dasashina jini yake saboda guga.

Da na je, likitar ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce Anti, naki ba na kwana 14 ba ne, watanni za mu yi, kuma ba zai yi fari irin na talla ba, wurin da ke kusa da dasashi ma zai fi taurin kai. Na ce na ji. Wata biyar na yi ina kwana da roba a baki. Akwai makon da na ajiye ta don tsami, na ce na haƙura, mijina ya ce ke da kika yi shekara arba'in, wata biyu ne zai gagare ki? Yau in kun ga haƙorana ba za ku ce farare ba ne. Na tabbata na Maman Ilham da take kuka da su sun fi nawa haske nesa ba kusa ba. Amma ranar da aka ɗauke mu hoto a wurin aiki na ga haƙorana a waje ban ma san na buɗe baki ba, sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Maman Ilham: Allah sarki Anti. Kin sa jikina ya yi sanyi.

Baban Walid: To irin na Anti Rabi ban da ja, wannan lalura ce. Amma mai lafiyayyen haƙori fa? Mene ne bambancinsa da bilicin ɗin fata da muke zagi kullum a zauren nan? Can a shafa sinadari a yi fari, nan ma a shafa sinadari a yi fari.

Uwar Biyu: Wato ni mai bilicin ce ke nan? Baban Walid, ka iya bakinka.

Baban Walid: Ban kira suna ba, Hajiya. Tambaya na yi.

Uwar Biyu: Tambayar da ta zo da duwatsu a aljihu. Kai da kake rina gemu, mun yi magana?

Shugabar Zaure: Ya isa haka don Allah. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. A koma kan magana, a bar gemun mutane.

Likitan Zaure: Tambayar tana da amsa ai. Launin fata kariya ce, melanin, sinadarin da ke ba fata launi, shi ke tare illar hasken rana, wanda ya kashe shi ya cire wa jikinsa garkuwa. Rawayar haƙori ba ta kare shi daga komai, yawancinta tarin shekaru ne: ɓawo na sirancewa, dentin na kauri, tabo na shiga. Amma Yallaɓai bai yi kuskure duka ba, don cutar zuciyar iri ɗaya ce in ta kama mutum. Akwai waɗanda ba sa ƙoshi. Wata ta zo min da hoton wata 'yar fim a waya ta ce irin wannan take so. Na ce mata wannan ba haƙori ba ne, tangaran ne aka manna, an kuma bi hoton da gyara. Matajin nan da Uwar Biyu ta ambata, na kamfanin VITA, launi 16 ne a jikinsa, daga A1 zuwa D4, wanda ya fi haske a ciki shi ne B1. Ita wannan baiwar Allah tana kan B1 ta zo tana cewa haƙoranta sun yi datti. Na ƙi yi mata. Muna da wata 'yar ƙa'ida da muke faɗa wa mutane, kar haƙori ya fi farin ido fari, in ya wuce nan shi za a fara gani kafin a ga fuskarka. Ta fita tana fushi, na san kuma wani wurin ta nufa.

Sannan kowane haƙori na da iyakar da in ya kai ba ya ƙara haske ko za a kwana ana zuba masa jel. Mai rawaya ya fi karɓa, mai toka-toka ya fi gardama. Fiƙa ma a baki ɗaya ta fi na gaba duhu, haka aka halicce ta, amma sai mutum ya dawo yana nuna min ita wai an tsallake ta.

Malam Tanko: Likita, ƙarfin jel ɗin fa? Na ga a Tarayyar Turai tun 2012 doka ta ce abin da za a sayar wa kowa a kanti kar ya wuce kashi 0.1 cikin 100 na haidirojin feroksaid. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. A Ingila har Babbar Kotu ta yanke hukunci a 2013 cewa wannan aiki aikin likitancin haƙori ne, ba na mai gyaran gashi ko kwalliya ba. A Amurka kuwa ana shafa kashi 25 zuwa 40 a kujerar asibiti. Wa ya fi gaskiya?

Likitan Zaure: Kowa da abin da ya fi tsoro. Mai ƙarfi ya fi sauri, ya fi kuma kawo fizga, in ya zubo kan dasashi ya ƙona shi ya yi fari na ɗan lokaci, shi ya sa ake rufe dasashin. Mai sauƙi yana ɗaukar kwanaki, amma in aka yi haƙuri inda za a sauka kusan ɗaya ne. Hanyar robar dare da Uwar Biyu da Anti Rabi suka bi, Haywood da Heymann ne suka wallafa ta a 1989 daga Jami'ar Karolina ta Arewa, da kabamaid feroksaid kashi 10, wanda in ya narke yana ba da kusan kashi 3.5 na haidirojin feroksaid. Ku kwatanta 3.5 da kashi 25 zuwa 40 na kujerar asibiti. Shekara talatin da ɗoriya ana amfani da ita, har yau ita nake fara ba wa wanda ba ya gaggawa. Kuma zama ɗaya a kujera sau da yawa ba ya isa, akan buƙaci na biyu ko a ƙarasa da roba a gida. Wannan ma ba kasafai talla ke faɗa ba.

Amaryar Gobe: Salam, ina ta karatu a ɓoye. Saura kwana tara bikina, na riga na sa ranar zuwa jibi. Yanzu kun tsorata ni. In fasa?

Uwar Biyu: Kina da ciko a gaba?

Amaryar Gobe: Babu. Amma akwai ɗigo-ɗigon fari a haƙorana biyu na sama tun ina yarinya.

Likitan Zaure: Allah ya sanya alheri, ƙanwata. Ki nuna wa likitan ɗigon nan kafin komai. Irinsu sukan ƙara fitowa a kwanakin farko, don sun fi sauran wurin saurin bushewa, sai daga baya su lafa su saje. Kwana bakwai tsakanin aikin da bikin ya yi kaɗan a yi caca da shi. Da ni ne, wanki da gogewa kawai zan yi yanzu, in bar hasken sai an natsu.

Ɗan Auta: Amarya, ango ya riga ya ga haƙoran ya ce ya ji ya gani. Ki bar masa kayansa.

Amaryar Gobe: Hhh Allah ya shirye ka Auta. Na gode Likita, wankin zan yi.

Maman Ilham: Likita, tambaya ta ƙarshe. Wanda ya rage min ɗin nan zai zauna, ko shi ma tafiya zai yi?

Likitan Zaure: Zai ja baya a hankali, ba irin na makon farko ba. Wasu watanni, wasu har shekara uku, ya danganta da taba da yawan shayi da kofi da yadda ake kula da baki. Mai roba a gida yakan ɗan maimaita dare ɗaya ko biyu in ya ga ya fara dushewa. Ki koma wurin da aka yi miki, ki ce a kara miki matajin launi a rubuta lambar a katinki, ki kuma yi maganar cikon. Ki tambaya ko sun ɗauki hoto kafin su fara.

Maman Ilham: Salam 'yan zaure, na dawo da rahoto. Na koma ranar Talata. Ashe sun ɗauki hoto, ni ce ban lura ba, na ɗauka fitilar ce ta yi walƙiya. Da aka jera min na da da na yanzu a kwamfuta, gaskiya akwai bambanci, ba zan ci amanarsu ba. Na manta yadda suke da ne, abin da na riƙe a kaina shi ne na madubin nan. Amma na faɗa wa likitan ido da ido cewa bai kyauta ba da bai yi min maganar ciko da ciwon dare ba. Ya ce yana cikin takardar da na sa wa hannu. Na ce takardar da aka miƙo min ina kwance, roba na bakina? Ya yi shiru, ya ba da haƙuri. An canza cikon, minti arba'in. Da na dawo gida na yi wa Ilham murmushi, ta leƙa ta leƙa ta ce, "Mama, abin ya fita."

Uwar Biyu: Alhamdulillah. To yanzu maki nawa?

Maman Ilham: Bakwai. Da za a mayar da ni baya, robar dare zan zaɓa.

Malam Tanko: Na rubuta: goma, sifili, biyar, bakwai. Zan sake tambayarki bayan wata shida.

Baban Walid: Ni dai ina nan da nawa yadda suke. Amma Likita, wankin nan da kake ta faɗa, yana da zafi?